Ku Cire Sunan Yaya Hadiza Daga Allon Nan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hadiza, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa rubutu a kanta ba. Abin da ya sa na yi yanzu shi ne allon da na gani a bakin tafkin Madarumfa, an rubuta sunanta a kan sabuwar rumfar koya wa mata sana'a.

Yaya ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Mai lambu ce kamar sauran mata, amma ta lura da abin da ke cin su. Dillalan tumatir da salati ba sa zuwa ciniki da kansu. Sai su turo wa mace surukinta, ko yayan mijinta. Mace kuwa ba ta iya ɗaga ido ta musa wa suruki. Duk abin da ya taya, sai ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya sa albarka.

Sai Yaya ta koya musu musanya. Ranar da motoci za su zo daga Maraɗi, kowace ta zauna a gaban kwandon wata. Suruki ya iso, ya tarar da matar da babu kunya tsakaninsu. Kafin ranar, Yaya takan tara su a gidanmu, ta ɗora rawani a kai, ta ƙara kaurin murya, ta yi ta taya kayansu da wulaƙanci har sai kowace ta iya ƙin tayin, ta ce albarka, ba tare da rawar baki ba. Daga nan wasu suka kai kayansu kasuwar Ɗan Issa da kansu.

Ban manta abin da aka yi mata ba. Alhaji Garba, babban dillali, ya kai ƙararta cewa tana raba mata da tarbiyya. Ya bi mazaje gida gida. Da take jinya, matan da suka zo duba ta ta ƙofar baya suka shigo. Na ce mata ta bari haka. Ta ce, "Ƙanwata, kunyar da ake aikowa ta karɓi kaya, ba kunya ba ce."

Yau mutanen furoje, masu shirin tallafin da suka gina rumfar, sun zo, sun kawo malama daga Yamai tana koya wa mata magana a gaban jama'a. Ban ƙi ba. Amma dokarsu ta farko ita ce kowace mace ta tsaya a kan kayanta, wai ta haka za ta yarda da kanta. Wa ya ba su wannan shawara? Alhaji Garba, wanda suka naɗa mai ba da shawara. Surukai sun dawo bakin tafki. Da Yaya na raye, me za ta ce da rumfar da ke ɗauke da sunanta tana rushe abu ɗaya da ta gina?

An aiko in halarci bikin buɗewa a madadin dangi. Ba zan je ba.

Yaya ba ta bar gini ba, ba ta bar hoto ba. Ta bar mata da suka san cewa gaida babba daban, sallama masa guminsu daban. Wannan bai buƙatar allo. Ku riƙe rumfarku da alhajinku. Sunan kawai nake nema, ku goge shi.