Shafin da Na Karanta Sau Biyu

Babana bai iya karatu ba, amma duk unguwar Mayo Gwoi babu gidan da ya kai namu littattafai. Masinja ne shi, ya fi shekara talatin yana yawo da takardun ofis a kan keke. In aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki zai bar Jalingo, yakan yi gwanjon kayansa. Mutane su yi rububin katifa da fanka, Baba kuwa ya wuce wurin kwalin da ba wanda ya kula. Yadda Mama take zaɓen doya haka yake zaɓen littafi: ya ɗaga ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa bango, ya duba ko gara ta taɓa. In da nauyi, to da ilimi a ciki.

Haka suka taru mana, babu wanda ya san ɗan'uwansa. Akwai na wani ma'aikacin banki a kan yadda kuɗi ke haihuwa. Akwai na zane-zanen Turawa, wanda Mama ta hana a buɗe gaban baƙi saboda rabin matan ciki ba sutura. Wani malamin makaranta ɗan Indiya ya bar mana na addinan duniya. Na kimiyya sun fi yawa, taurari ne, duwatsu ne, kiwon zuma ne, da wani ƙato mai jan bango a kan cututtukan ɗan Adam, wanda Baba ya samo wurin wata nas. Ya ɗora su a kanta, ya ɗora kantar a kan bulo, don in kogi ya cika ruwa yakan leƙo mana ɗaki.

Ni ya saya wa, don ni ce na yi nisa a boko. Kowace Lahadi in an taso daga coci sai ya zauna gindin mangwaro ya ce, "Uwata, ɗauko mana ɗaya." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ina karantawa da Turanci, ina juya masa da Hausa, yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta. Hausar tasa ta gari ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. In maƙwabta sun tsokane shi cewa yana tara abin da ba ya iya ci, sai ya yi musu fahari da aikinsa.

"Masinja ba ya miƙa takarda ya juya," in ji shi. "Tsayawa za ka yi sai an karanta, ko akwai amsa. Wanda ya samu ƙarin girma, sau ɗaya yana karanta. Wanda aka kora, sau biyu, sa'an nan ya juya baya ya duba ko an ƙara wani abu."

Dariya muke yi masa. Na ji wannan magana ya fi sau ɗari, ban taɓa riƙe ta ba.

Ciwon ya zo ne 'yan shekaru bayan an ba mu jiha, lokacin da mai ya yi wuya har ɗan acaba sai ka roƙe shi. Cikin Baba ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, tuwo ya gagare shi. Muka kai shi asibiti. Likita ya lallatsa cikin, ya sa aka yi hoto, ya rubuta wata doguwar kalma a kati, ya ce wa Mama, "Ku koma gida, ku ba shi duk abin da yake so." A wancan lokaci ba a faɗa wa mara lafiya a fuskarsa, haka ake sallamar mutum. Mama ba ta gane ba, ko kuma ta ƙi ganewa.

Muna isa gida Baba ya ce, "Likita yana sauri. Uwata, ɗauko namu mai ja."

Na ɗauko. Na duba kalmar a ƙarshen littafin, na buɗe shafin. Ciwon daji ne na hanta. An rubuta shi tsaf, ba tausayi: in ciki ya riga ya kumbura, abin da ya rage watanni ne. Na koma sama na sake bi layi-layi, ko Turancina ne ya yaudare ni. Na juya shafi ko akwai wani "amma" a baya. Babu, wata cuta ce daban aka shiga. Baba yana kan kujerarsa, Mama tana tsaye da katin a hannu, ido huɗu a kaina.

Na ce, "Sun ce hanta ce ta gaji. Da magani da abinci mai kyau ana tashi."

Mama ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah. Baba ya ce, "To, madalla."

Wallahi da na san abin da wannan ƙarya za ta ci, da na haɗiye harshena. Mama ta kama maganata da hannu biyu. Ta sayar da awakinta, ta bi masu kemis na unguwar Turaki ɗaya bayan ɗaya. Ta sayar da keken ɗinkinta, ta je wurin wani mai saiwoyi a Kachalla Sembe. Duk wanda ya zo dubiya ya yi jim, sai ta ce masa, "Littafi ya ce ana tashi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar ƙauye. A wurinmu dattijo ba ya son ya cika a gidan haya na birni. So yake a kai shi gida da ransa, ya ga 'yan'uwa, ya nuna iyakar gona, ya sa wa kowa albarka. Baba ya sha faɗa tun yana da lafiya. Hanyar ƙauyenmu kuwa ta bi ta rafi biyu, da damina ta kankama mota ba ta shiga sai kaka. Ƙanin Baba ya zo takanas, ya dube shi sau ɗaya, ya ja Mama gefe ya ce a shirya kaya. Mama ta yi masa tas. Ta ce wato har ya haƙa kabari? Ta ce ga yarinya nan mai ilimi ta karanta. Ya juyo ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya hau motar kasuwa ya koma shi kaɗai.

Daga ranar na zama kamar mahaukaciya a gaban kantar nan. Na bi littattafan kimiyya kaf, har na kiwon zuma, ko zan ga inda aka ƙaryata mai jan bangon. Na buɗe na kuɗi ina neman yadda za mu kai shi babban asibiti, na tarar ana koya wa mai dukiya inda zai ajiye rarar dukiyarsa, na yi jifa da shi. Na addinai ya gaya mini yadda mutanen duniya suke binne matattunsu, kowa da nasa, babu wanda ya gaya mini yadda ake buɗe baki. A na zane-zanen na tsaya a hoton wani tsoho a kwance, iyalinsa kewaye da shi, na ji haushinsu, don su duk sun sani. Na yi addu'a har ta koma faɗa. Lahadi kuma ba ta fasa zuwa, Mama ta ce in ƙara karanto musu wurin, ni kuma in ƙara ƙarya a kan ƙarya.

Hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Wata ranar kasuwa da hantsi, Mama ta fita, Baba ya kira ni. Ya rame har agogonsa yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

"Ɗauko mai ja. Buɗe inda ka buɗe ran nan."

Na buɗe. Na ja numfashi zan fara abin da na saba, ya ɗaga yatsa.

"Ran nan sau nawa ka karanta?"



"Sau biyu," ya ce. "Ka kuma juya baya."

Na durƙusa a gabansa, kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Baba, ka sani tun ranar? Me ya sa ka bar ni?"

"Takarda a hannunka aka ba. Masinja ba ya ƙwace takardan wani ya kai. Na ce bari yarinya ya samu ƙarfi, zai kai da kansa." Ya dubi sama ta tsakanin ganyen mangwaro. "Amma ruwa ya kusa, uwata. Ni na karɓi nawa. Kai wa mamanka."

Mama ta dawo da azahar, riƙe da kaza. Na lura zanen da take zuwa coci da shi ba ya kan igiya, na san inda kazar ta fito. Na tare ta a bakin ƙofa da littafin a buɗe, na faɗa mata abin da ke ciki da Hausa, kalma-kalma, ban rage komai ba. Ƙafata tana so ta gudu, na hana ta. Na tsaya ina jiran amsa.

Ta dube ni, kazar tana ta fuka-fuki a hannunta. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta ce, "Je ki tasha, ki aika a kira ƙanin babanki."

Mun kai Baba ƙauye a bayan a-kori-kura, kwance a kan katifa, rafi na biyu ruwa har rabin taya. Ya yi kwana tara a gida. Ya nuna iyakar gona daga kan kujera, ya sa mana albarka, ni har sau biyu.

Littattafan suna nan a wurina, har mai jan bangon. Mama ta yi shekara goma sha ɗaya bayansa, muna gida ɗaya, muna ci a kwano ɗaya. Amma duk takardar da ta zo mata, ko ta coci ce, ko ta fanshon Baba, sai ta yafa gyale ta wuce ni a tsakar gida, ta kai wa maƙwabcinmu ya karanta mata.