Yaya, Takalmina Ma Ya Fara Suɓucewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta gabata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, malamin kimiyyar sinadarai. Ciwon huhu ne ya zama ajali, amma shanyewar tsoka ce ta kwantar da shi shekara da shekaru. Ina wannan rubutu gabana yana faɗuwa.

Yaya, ina tuna ɗakin gwajinka da ƙarnin ɓawon ƙaguwar da kake jiƙawa a kwalabe. Ina toshe hanci, kana dariya. Ka ce daga ɓawon nan ake tatso wani sukari mai ɗauke da naitirojin, ba irin na shayi ba, kuma akwai danginsa a jikin ƙwaro da guringuntsin gwiwarmu. Ba ka taɓa korar mai tambaya ba. Ko da ka koma keken guragu, ɗalibanka ke ɗaga ka zuwa bene, kana tsokanarsu wai haki tun ba a yi nisa ba.

Da likita ya gano ciwon, kai ka zaunar da Mama ka yi mata bayani a hankali: jikinka ya kasa sarrafa ɗaya daga cikin irin sukarin nan, kuma gado ne ta uwa da ta uba. Ta fashe da kuka. Ka ce, "Mama, ba laifin kowa ba ne."

Da takalmi abin ya fara maka, silifa na suɓucewa ba ka sani ba. Yaya, nawa ma ya fara. Tun watan jiya yatsun ƙafata ke jan ƙasa. Na yi tuntuɓe a ƙofar ofis, na ce dardumar ce. A zuwana na ƙarshe ka bi tafiyata da ido, daga ƙofa har bakin gado, sannan ka riƙe hannuna.

"Auta, je ki a gwada ki. Kada ki jira."

Na je. Jiya, muna zaman makoki, likita ya kira ya ce sakamakon gwajin ya fito, in zo da kaina. Na tsaya a bayan ɗaki ni kaɗai. Na ga yadda ka yi haƙuri da ciwon nan, kuma na san ban kai ka ba. Tsoro nake ji, Yaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa jinyarka ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka da 'ya'yanka da ɗalibanka haƙuri. Mama kuma Allah Ya ƙara mata ƙarfin zuciya, domin akwai maganar da ban kai mata ba tukuna. Amin.