Ɗakin Ƙasa na Inna

Duk lokacin da aka yayyafa ruwa a busasshiyar ƙasa, ƙamshin nan sai ya mai da ni gidanmu na Fagge, lokacin yaɓe. Kafin damina ta faɗi, Baba kan sa a kawo ƙasa a kan jakuna, a kwaɓa ta da makuba, maza su hau soro suna liƙe duk tsagar da rani ya bari. Mu mata kuwa jigilar ruwa muke yi daga rijiya har wuya ya sage. Kada ki ji ana yabon zamanin da ki ɗauka hutu muka sha. Na yi daka har tafina ya yi kanta, hayaƙin icce kuma shi ya cinye idon Kaka.

Amma ɗakin Inna, mahaifiyarmu, daban yake. Bangonsa ya yi kaurin da nake kwanciya a kan taga ina ƙarama. Tsakiyar bazara, rana na dukan tsakar gida har ba a iya taka ta ba takalmi, kina shiga ɗakin nan sai ki ji kamar kin tsoma kai cikin randa. Ba fanka, ba komai. Shi dai a yaɓe shi duk shekara, ba ya neman wani abu.

Bayan rasuwar Baba, Yaya ya karɓi gida. Shagon janareta da kayan wuta gare shi a Sabon Gari, shi kuma a wurinsa duk abin da ba a jona shi da waya ba ƙauyanci ne. Ɗaki bayan ɗaki ya rushe ya tayar da bulo da kwano, har ya rage saura na Inna. Ranar da ya tara mu a kan maganar, na yi ta faɗa har muryata ta dishe. Na ce fetur kullum tashi yake yi, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa, shi kansa man da ke ƙarƙashin ƙasa ba rijiyar da ba ta ƙafewa ba ce. Ko muna so ko ba ma so, wata rana dole mu koyi zama da kaɗan, to me ya sa za mu rushe ɗaki ɗaya tilo da ya riga ya iya?

Yaya ya yi dariyar nan tasa mai ban haushi. Ya ce duniya ba ta komawa baya, in fetur ya ƙare ga sola nan. Sannan ya tambaye ni wa zai hau soro ya yi yaɓe bana, ni ko 'ya'yana da ko tsintsiya ba sa ɗagawa. Nan ya kama ni, shi ya sa ma na ƙara jin haushi. Ɗakin ƙasa ba ya cin wuta, amma yana cin hannaye, hannayen kuwa duk sun tafi kasuwar Kantin Kwari suna dakon dilolin yadi.

Sai ya juya ya tambayi Inna. Yaya ɗan fari ne, Inna ko sunansa ba ta faɗa, balle ta yi musu da shi a gaban mutane. Ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Ya ce to kun gani, ta yarda. Duk wanda ke wurin ya san kunya ce, ba yarda ba, amma aka bar shi a haka.

Yanzu Inna na cikin ɗakin bulo mai tayil, da esi, akwatin sanyaya ɗaki irin wanda ake huda bango a zura. Cikin bazarar nan taransifomar unguwa ta ƙone, fetur kuma ya gagara. Na je da azahar na tarar da ita zaune a kan tayil, ta jiƙa zane ta lulluɓe ƙafafu, ƙuraje sun feso mata a wuya. Yaya na tsaye a bakin ƙofa yana bayanin batirin da zai sayo. Yau kowa a gari maganar rage cin wuta yake yi kamar sabon ilmi, mu kuwa namu da guduma muka sa aka farfasa.

Inna ba ta dube shi ba. Ni ta kalla, ta nuna bango da haɓa.

"Ki ce da yayanku ya cire min akwatin nan, ko ramin ya ba ni iska."