Kawuna da Ya Ƙi Cewa Amin

Garinmu yana kan tudu tsakanin Buza da Keita, kuma gonakin kusan kowa a kan tudun suke, cikin tsakuwa. Gonar kawuna, ƙanin mahaifiyata, ita ce a ƙasa, a bakin kwari, inda duk ruwan da ya sauka kan duwatsu yake bi ya wuce. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci shi ne sarki, dawarsa kore shar, shukar mutane kuwa sai addu'a. Shekarar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙorama takan cika ta tsallake baki, ta shimfiɗa masa yashi a kan shuka. Ruwan da ke raya gari shi ke kashe masa gona, kuma gonar nan ita kaɗai gare shi.

Wata damina ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Madawa, na zo gida hutu. An yi shuka, hatsi ya fito, sai sama ta ɗauke. Liman ya sa aka yi shelar roƙon ruwa. Muka fita filin idi da hantsi cikin tsofaffin tufafi, aka yi salla, aka juya riguna, mata suka raba gumba sadaka. Liman ya ɗaga hannu yana roƙo, gari ya ɗauka da amin. Kawu ya yi salla, ya juya rigarsa kamar kowa, amma da aka zo amin bakinsa gum.

Da ba wanda zai sani, ba don wanzamin garinmu ba, mutumin da Allah ya hore wa ido har a gefen kai. Kafin azahar labari ya kai bakin rijiya. Kwanaki suka wuce ba ko ɗigo, sai kowa ya gano dalili: kawu ne ya riƙe sama saboda dawarsa.

Aka zauna maganar bayan la'asar a gindin bishiyar bedi, ƙofar masallaci. Ni kuwa na ɗan lasa filo, wato falsafa, a sakandaren lise, gardama ta fi mini tuwo daɗi, na sami wuri a gaba na miƙe ƙafa. Liman tsoho ne mai sanyin hali, tare suka yi karatun allo da kawu, don haka ba mai jin tsoron wani.

"Mai fadama, an ce ba ka ce amin ba," in ji Liman.

"Wa yac ce?"

"Wanda yag gani."

"To shi wanda yag gani, sa'ad da kake roƙon Allah, bakina shika kallo. A hwara da nashi zunubi, in an ƙare a zo kaina."

Nan take wanzami ya tuna yana da aski a wata unguwa.

Kawu ya gyara zama. "Malam, kai kak koya muna cewa mai hwaɗin abin da babu ga zuciyatai munahuki na. Ruwan da za shi ƙosar da tudu, ta gonata za shi biyo. In na ce amin, na yi ƙarya gaban Allah. In na yi shiru, na yi rowa gaban mutane. Wanne yah hi nauyi?"

"Ai ruwa mai albarka munka roƙa, ba mai ɓarna ba."

"Albarkar taka bisa tudu za ta kwana? Ka taɓa ganin ruwa ya hau dutsi?"

Na ga wuta tana neman lafawa, na ƙara mata kara. Na ce, "Allah gahwarta malam, in an riga an rubuta ranar da ruwa za shi sauka, shirun kawu shina iya goge rubutun?"

Liman ya dube ni ta saman tabarau, ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal. "Metir, an rubuta ko za ka ƙoshi yau. Tashi ka ce ma innarka kada ta ɗora tukunya."

Aka kwashe da dariya, har da ni, don amsar ta yi mini daɗi. Amma kawu ya riga ya cafe maganata. Ya ce, "Ku zaɓi guda. In shiruna shi ka riƙe sama, to ni waliyyi na, ku ba ni sahun gaba ku riƙa kawo min goro. In ba shi riƙewa, ku ƙyale ni in sha iska."

Liman ya yi dariya har da share hawaye. Da ya natsu sai ya ce, "Sama ta hi ƙarhinka, ɗan'uwa. Zuciyarka nika ji ma tsoro, mutum shi ga gari cikin ƙishi shi riƙa duban dawatai."

"Dawar ga ita ta abincin gidana. Son abincin ɗiyana zunubi na?"

Liman ya ce zai duba littattafansa. Aka kira magariba ba a yanke komai ba.

Ni dai na so a ci gaba da zaman nan har ƙarshen hutu, amma wasan ya fara ɗaci. Kawu yakan yi sallama a majalisa a amsa masa a daƙile. Matarsa ta je rijiya, aka bar ta da guganta ba mai kama mata. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san mutumin nan: bakinsa ne kaifi, amma duk shekarar fari rumbunsa ne rumbun unguwa. Shi kuwa ko a jikinsa, kullum da sabuwar hujja yake tashi, ni nake fara ɗanɗana ta kafin ya kai kasuwa.

Mahaifiyata ba ta taɓa sa baki ba. Tun rasuwar mahaifina ita ke noma gonarmu da ke can ƙarshen tudu. Ana gobe za a sake fita roƙo ta ce mini, "Ka ce ma kawunka shi zo shi raka ni gona, ƙahwata na ciwo." Ƙafarta lafiya lau, ta ma riga mu hawa. Muka tarar da hatsi ya nannaɗe ganye, ya yi fari fat. Ba ta ambaci ruwa ba. Ta tambaye shi tarin matarsa, ta tambaye shi ko ɗansa da ke ci-rani ya kira, ta ce albasa ta yi tsada a Tamaske. Kawu ya sunkuya ya tona gindin wata shuka da yatsa, ya murza ƙasar, iska ta kwashe. Muka sauko bai ce uffan ba, wanda a wurin kawu ciwo ne babba.

Washegari a filin idi na tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi. A ɗaya gefensa wani tsoho ne da kunnensa ya daɗe da yin ritaya. Liman ya ɗaga hannu. Kawu ya sunkuyar da kai, ya ja rawani ya rufe baki, wanda ya hango daga nesa zai ce taurin kan ne ya ƙaru. Ni kaɗai na ji. "Amin," ya ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai cire ƙaya daga ƙafa. Liman ya ƙara roƙo, kawu ya ƙara cewa amin.

Bayan 'yan kwanaki hadari ya taso daga gabas da la'asar. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mata suna guɗa, tsofaffi sun tsaya a zaure suna hamdala, can ƙasa kuma ana jin rurin ƙorama. Da safe na raka kawu kwari. Yashi ne shimfiɗe daga wannan iyaka zuwa waccan, sai kan ganyen dawa nan da can yana leƙowa.

Mutane suka sauko yi masa jaje, jajen da rabinsa kallo ne. Wanzami yana daga baya, amma muryarsa ta iso gaba: "Kun gani ko? Wanda yaƙ ƙi amin, Allah ya gwada mishi." Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Hujja ta cika musu, ba ta da ƙofa ko ɗaya.

Raina ya ɓaci, na juya zan yi magana. Kawu ya damƙe mini hannu.

Na ce, "Kawu, da kunnena na ji ka! Bari in hwaɗa musu."

"Yi shiru, Metir," ya ce, ba tare da ya dube ni ba. "Yanzu sun san wanda yaƙ ƙi amin shi ka rasa gona. In sunka ji na ce amin kuma ruwa yac cinye min ita, baɗi wa za ka samu ga hilin idi?"

Ya sake ni, ya tsuguna yana tone yashi da hannu, ko akwai wadda ta yi saura da rai.