Amaryar Bakwaini

Mai jegon ba ta san sunanta ba, kowa a ɗakin bakwaini Sista yake ce mata. Gajeriya ce mai dusasshiyar murya, faratanta a yanke, yawan wankewa ya busar da bayan hannuwanta. Da kafaɗa take tura ƙofa. Zobenta a wuya yake rataye. Mai jego tana ayyanawa a ranta, 'ya'yan matar nan ba sa kusantar kwano sai an duba musu tafin hannu.

Ga uwar mijin mai jego ta shigo, saukarta daga mota ke nan, tana miƙa hannu ga jikanta. Ƙwayar cuta kaɗan ta isa ta kayar da yaron, amma wa zai ce wa suruka dakata?

Sista ta sha gabanta.

"Inna, famfo tukuna."

"Ni? Hannun nan ya raini ubansa, bai mutu ba!"

"Ai ubansa ƙato aka haife shi. Wannan mijin naki bai gama nuna ba. Kya zo wa ango da dattin hanya?"

Tsohuwa ta ja tsaki, tana naɗe hannun riga.

"Miƙo sabulun, marar kunya."

"Har tsakanin yatsu, amarya."