Tsintsiyar Taragon Ƙarshe

Gwiwoyina ba sa kai ni tashar jirgi yanzu sai na hau keke napep, kuma in na je babu abin gani. Ciyawa ta cinye layin dogo, awaki suna kwance inda fasinjoji ke shimfiɗa tabarma a da. Yaran unguwa kan tambaye ni wai da gaske ne jirgin ƙasa yana zuwa Kaura Namoda har da mutane a ciki. Nakan ce musu a'a, aljanu yake kawowa. Na gaji da bayani.

Sharar taragu ce sana'ata, tun ina saurayi har jirgi ya daina zuwa. A Kaura layi ya ƙare, gaba babu ƙarfe sai gonaki. Duk wanda ya shigo jirgi dole a nan zai sauka, ko yana so ko ba ya so. In kowa ya watse, 'yan dako sun koma kan buhunan gyaɗa, sai in shiga ta taragon farko da tsintsiyar kaba, in bi su ɗaya bayan ɗaya ina kwashe ɓawon rake da tukar goro, in fito ta ƙofar na ƙarshe. Saboda haka ni ne mutum na ƙarshe da ke ganin cikin jirgi. In na sauko, to babu sauran kowa.

Da aka fara yaƙin basasa, ƙanena, autanmu, ya shiga soja. Ya baro gonarmu a Zurmi ya kwana ɗakina, da safe ya hau jirgi tare da wasu samarin Shinkafi, suna ta dariya ta taga kamar masu zuwa biki. Ni na share taragon da ya zauna a ciki kafin su tashi. Mun ji labarinsa daga bakin mutane a shekarar farko, wannan ya ce ya gan shi, wancan ya ce ya yi ƙiba. Daga baya labari ya ɗauke.

Bayan an yi girbi Inna ta zo Kaura, wai kwana biyu za ta yi. Ba ta sake komawa Zurmi da zama ba. Duk ranar jirgi takan dama fura da nono mai kyau, ta rufe ƙwarya da faifai, ta je ta zauna gindin wata tsamiya da ke can gefen tasha, daidai inda taragon ƙarshe ke tsayawa. Ba ta shiga cunkoso, idonta ba shi da ƙarfi, ta ce ba za ta iya bin fuskoki ba. Ni take jira. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta kallona ido da ido a gaban mutane. Amma shekarun nan babu abin da take kallo a duniya kamar ƙofar da zan fito.

"Kai wanga, ba shi ciki?"

"Ba shi ciki, Inna."

"Ka duba ƙarƙashin kujeru? Ka san shi da kwana."

Nakan ce na duba. Sai ta miƙa furar ga duk wanda ke kusa, mu koma gida. Matan wasu garuruwan suna da sauƙi a kanmu, don in nasu bai sauka ba suna iya cewa ko ya zarce gaba. Mu ba mu da gaba.

Ita kuwa maganar barci ba wasa ba ce. Duk wanda barci ya kwashe a Funtuwa ko Gusau, a hannuna yake farkawa. Na tashi malamai, na tashi fatake, na tashi wani ango da ake jiransa a Tsafe tun hantsi. Ko kusa ba na tausaya musu, da bakin tsintsiya nake zungurar ƙafarsu.

An gama yaƙi, sojoji suna ta dawowa. Wata ranar la'asar, zafi kamar gidan burodi, na isa taragon ƙarshe sai ga mutum kwance a lungu cikin kaki, ya rufe fuska da hula, hannunsa ɗaya a naɗe. Na jingine tsintsiya na matsa kusa. Na ɗaga hular a hankali. Ba shi ba ne. Wani dogon yaro ne mai tsage a kumatu, a Funtuwa ya kamata ya sauka. Da ƙyar ya iya miƙewa, sai na rataya jakarsa, na riƙe shi ta kafaɗa muka nufi ƙofa. Ban yi tunanin komai ba, so nake kawai in gama shara.

Daga gindin tsamiya abin da Inna ta hango shi ne ni da wani soja, rungume da juna.

Ban taɓa jin ta yi guɗa ba sai ranar. Ta rangaɗa ta har 'yan dako suka ajiye buhuna, masu tallar ƙosai suka kama mata, wani mai shayi ya fara kabbara. Kowa a tashar nan ya san abin da take jira. Ta taso da ƙwarya a hannu tana sauri, mayafinta na jan ƙasa, ni kuma ina ɗaga mata hannu ina cewa a'a, ita tana ganin murna nake yi. Sai da ta zo dab da shi, ta ɗaga kai ta dube shi, sannan guɗar ta mutu a bakinta. Mutane suka riƙa sulalewa kowa ya kama gabansa.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauke faifai ta miƙa masa ƙwaryar.

"Sha, ɗana. Kai ma wata na can tana jiran ka."

Ya zauna a ƙasa ya shanye tas. Ta faɗa masa kamannin autanta, har tabon lauje da ke ƙafarsa, ta tambaye shi ko sun haɗu. Ya ce soja da yawa suke, Inna. Washegari ya bi jirgin ya koma.

Da muka kai ƙofar gida sai ta juyo ta ce mini:

"Kai wanga, daga yau in ka ƙare shara, ɗaga tsintsiyag ga sama tun daga ƙohwa. In na gan ta, na san ba shi ciki, ba ni tashi. Ƙahwahuna sun gaji."

Haka muka koma yi. In fito, in ɗaga tsintsiya, ita kuma ta miƙa furar ga na kusa ba tare da ta motsa ba. Abokan aiki suna yi mini tsiya wai na zama mai ba jirgi hannu, na bar su da haukarsu. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne yadda na tsani wannan ɗagawar. Tsintsiyar kaba ba ta da nauyi, amma akwai ranakun da nakan tsaya bayan ƙofa in daɗe, ina sake leƙa ƙarƙashin kujerun da na riga na share, don dai ta ƙara samun ɗan lokaci tana sa rai. Malamai sun ce a yi wa autanmu addu'a a raba gadonsa, an yi. Ita dai ba ta fasa dama fura ba har ta kwanta ciwo. Mun kai ta Zurmi, a can aka rufe ta, lokacin hanya lafiya lau take, ba kamar yanzu da ko ziyarar kabarinta ta gagare ni ba.

Bayan rasuwarta jirgi ya yi ta ja da baya, yau ya zo, ya yi wata bai zo ba. Ranar da ya yi zuwansa na ƙarshe a zamanin aikina babu wanda ya gaya mana, shara na yi kamar kullum. Na duba ƙarƙashin kujeru, na fito ta ƙofar taragon ƙarshe. Sai da wani mai sayar da rake a gindin tsamiya ya ɗago mini hannu yana dariya, sannan na lura tsintsiyar tana sama.