Dutsen da babu kogo a samansa

Ni ne sakaran wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni.

Wata bakwai bayan rasuwar matata, ban fita daga gidanmu na unguwar Shisha a Makka ba sai dai zuwa masallacin ƙasan bene. Ban yi kuka ba. In an kawo abinci in ci, in an ɗauke ban tambaya ba. 'Yata ta biyu, wadda ke aure a arewacin Italiya, ta ji tsoron kada in bi uwarta ina zaune a kujera. Ta yi ta fama da takardu har ta kai ni can, wani lardi da babu komai cikinsa sai duwatsu da shanu masu ƙararrawa a wuya.

To ni haifaffen Makka ne, dutse ba baƙona ba ne. Rabin rayuwata ina sayar da ruwa da laima a gindin Jabalun Nur. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma a ilmin dutse shehi ne ni: ana hawansa ne don akwai abu a sama, kogo ko wurin da aka taɓa tsayawa aka yi addu'a.

Wata Asabar da safe 'yata ta ce za mu hau dutse, ta saka mini takalman mijinta masu nauyi kamar bulo, ta miƙo mini sanda biyu. Na ce ɗaya ta isa, ban lalace haka ba. A hanya sai ga Turawa a jere, har da tsofaffi sa'o'ina, kowa da jaka a baya, duk wanda ya wuce sai ya gaishe mu. Na ce a raina halas, shi ke nan, ranar ziyararsu ce. Na rage murya na ja mata kunne cewa mu kallo kawai za mu yi, kada ta saka ni cikin ibadar mutane. Ta dube ni, ta ci gaba da tafiya.

Mun daɗe muna hawa. Ciyawa shar, itatuwa dogaye, ruwa na gangarowa babu mai tara shi. Tana ta nuna mini, ni kuwa kamar hoton kalanda nake kallo a shagon aski.

Da muka kai sama, benci ne da bukkar katako. Turawan suka zauna, suka fito da burodi da cuku, suka ci suna kallon kwari. Na jira a fara. Sai na ga suna ɗaure jaka za su sauka.

Na tambaye ta ina kogon. Ta ce babu kogo. Wa ya taɓa tsayawa a nan? Ta ce ba kowa. Sai na gyara zama na buɗe wa'azi. Na ce alhazaina ko gwiwa ta kumbura sun san abin da suka je gani, waɗannan kuwa sun kashe takalmi don su ci burodi, alhali akwai burodi a ƙasa. In na ba abokaina labari a wurin mai shayi a unguwar Mansur ta Makka, cewa za su yi sanyi ya taɓa mini kai.

"Ya binti, 'yata, tsakaninki da Allah, mai hankali zai yi wannan tafiya don ya kalli ciyawa kawai?"

Ba ta yi dariya ba.

"Umma ma ciyawa kawai ta so gani, Baba. Ɗa'if, garin lambuna, ga ta nan a bayan gida, kusa da Makka. Kullum kana ce mata sai bayan Hajji."